Yadda ake auna aikin malamin da ya haɗa ilimin ƙwayoyin gado da nazarin harshe

Ɗalibin da ke neman wanda zai duba masa aikin digiri na uku, ko wanda aka ɗora wa rubuta rahoto a kan wani farfesa, yawanci abu ɗaya yake yi: ya buɗe Google Scholar, shafin neman ayyukan bincike, ya kwafe lambobin da ke gefen dama masu nuna sau nawa wasu suka ambaci ayyukan malamin, ya ce ya gama. In malamin fanni ɗaya ya tsare, ɓarnar da sauƙi. Amma in ya raba ƙafa tsakanin ilimin ƙwayoyin gado da nazarin harshe, lambobin nan sai sun kai ka sun baro. Zan yi misali da Luigi Luca Cavalli-Sforza, ɗan Italiya da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka haife shi a 1922 ya rasu a 2018.

Fara da tattara jerin ayyukan mutumin, ka kuma tabbatar nasa ne. Suna yana rikiɗa. Maƙalar da ya rubuta da Joshua Lederberg da Esther Lederberg a 1952 kan ƙwayoyin cuta na bakteriya, sunan da ke kanta L. L. Cavalli ne, babu Sforza. Wanda ya nemi cikakken sunan kaɗai zai tsallake ta. Mu ma da wannan matsala: Sani Muhammad a wata mujalla, M. Sani a wata, ga kuma wasu masu sunan birjik. In malamin na wannan zamani ne, nemi lambarsa ta ORCID, lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, wadda aka fara bayarwa a 2012. Scopus da Web of Science, manyan rumbunan da ke ƙirga ayyukan bincike da ambatonsu, sai jami'arka ta biya kuɗi, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka kada ka zauna jira. Rumbun OpenAlex kyauta ne, manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing ma kyauta ce, tana zaƙulo jerin daga Google Scholar ka zuba shi a Excel. A kwamfuta za ka yi wannan aiki, ban yarda da yin sa a waya ba.

Da jerin ya kammala, kasa shi kashi uku: na ƙwayoyin gado zalla, na harshe zalla, sai wanda ya haɗa biyun. Kada ka tara lambobinsu wuri ɗaya, don ba a auna gero da manja da mudu ɗaya. Masu ilimin gado suna buga gajerun maƙaloli a mujallu, marubuta da yawa a kan guda, a kuma yi ta ambatonsu cikin shekara biyu ko uku. Masanin harshe kuwa yana iya shafe shekara goma a kan littafin nahawu ko ƙamus guda, shi kaɗai, masu ambatonsa 'yan tsiraru ne, kuma yawancin irin waɗannan littattafai da babobin cikinsu ba sa fitowa sosai a Scopus. Brigitte Pakendorf, wadda ke da digiri na uku a kowane ɗaya daga fannonin biyu, ta yi aiki kan Sakha na Saiberiya, mutanen da harshensu. In ka haɗe jerinta wuri guda, ayyukan gado za su danne na harshe, ka ɗauka ɓangaren harshen rakiya ya yi.

Kashi na uku shi ne inda ɗalibai suke zubewa, nan kuma nake so ka ɓata lokacinka. Ɗauki kowace maƙala da ta ce ta haɗa gado da harshe, ka yi mata tambaya biyu: wane ne masanin harshe a cikin marubutan, kuma rabe-raben harsunan wa aka ɗauka?

Duba shahararriyar maƙalar 1988 da ta fito a mujallar PNAS. Marubuta huɗu ne: Cavalli-Sforza, Alberto Piazza, Paolo Menozzi da Joanna Mountain. Sun zana bishiyar dangantakar al'ummomi 42 ta fuskar jini, suka jera dangogin harsuna a gefenta, suka ce biyun sun yi daidai ƙwarai. Cikin su huɗun babu wanda nazarin harshe ne sana'arsa. Rabe-raben da suka dogara da shi na Merritt Ruhlen ne, wanda ya bi sawun masanin harshe Joseph Greenberg, kuma masana tarihin harsuna da yawa ba su amince da manyan rukunonin da ke cikinsa ba, musamman wanda ya tattare kusan duk harsunan 'yan asalin nahiyar Amurka a dangi ɗaya. A 1990 wasu malamai suka buga doguwar suka a mujallar Current Anthropology, suna cewa daidaituwar ba ta kai yadda aka faɗa ba. Wannan sukar, da duk wadda ta biyo bayanta, kwamfuta ta ƙirga ta a matsayin ambato. Ita ba ruwanta da yabo ne ko ƙaryatawa.

Saboda haka kada ka tsaya a jimilla. A Google Scholar, danna inda aka jera masu ambaton, ka zaɓi 20 ko 30, rabi daga mujallun ilimin gado, rabi daga na harshe, ka buɗe kowacce ka nemo ainihin jimlar da aka kira sunan maƙalar. Yi ginshiƙi uku a Excel ɗinka: wanda ya gina aikinsa a kanta, wanda ya ambace ta a gabatarwa ya wuce, da wanda ya yi mata raddi. Aikin yini guda ne, yana kuma cin data, amma bayansa ne za ka iya cewa wani abu da bakinka. Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne fanni ɗaya ya karɓa hannu bibbiyu, ɗayan yana ɗaga gira.

Kwatanta wannan da maƙalar da Cavalli-Sforza ya rubuta da William S-Y. Wang a 1986 a mujallar Language, kan yadda nisan wuri ke shafar sauyawar kalmomi. A nan abokin aikin masanin harshe ne, masana harshe kuma suka tace ta kafin a buga. Ko kuma ta Sarah Tishkoff da abokanta a mujallar Science a 2009, wadda ta duba al'ummomin Afirka 121: a cikin marubutanta sama da 20 akwai Christopher Ehret, wanda ya ƙare rayuwarsa kan tarihin harsunan Afirka. A wurina irin wannan ne haɗin gwiwa. Sauran aron littafi ne, ko da an ambace su sau dubu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Greenberg ɗin nan a ƙasar Kano ya yi binciken digirinsa a ƙarshen shekarun 1930, a cikin Maguzawa, kuma rabe-rabensa na harsunan Afirka na 1963, wanda ya sa Hausa da 'yan uwanta na Cadi cikin babban dangin Afro-Asiya, ya samu karɓuwar da rabe-rabensa na harsunan Amurka bai samu ba. Mutum ɗaya, aiki biyu, hukunci daban. A 2010 kuma Fulvio Cruciani da abokansa suka danganta wata alamar gado ta wajen uba, R-V88, da yaɗuwar harsunan Cadi. Ana yawan ɗauko wannan a muhawarar asalin Hausawa a Facebook. Kafin ka sa ta a kundinka, yi mata tambayoyin nan biyu.

Sai bayan haka za ka waiwayi ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. In an ce h na malami ya kai 20, yana da ayyuka 20 da aka ambaci kowannensu aƙalla sau 20. Fitar da shi daban ga kowane kashi. Lura da jerin sunaye kuma: a ilimin gado na farko yakan zama wanda ya yi aikin, na ƙarshe mai ɗakin gwajin, na tsakiya wani lokaci samfurin jini kawai ya bayar. Nemi sashen da ke ƙarshen maƙala inda ake faɗin abin da kowa ya yi, in akwai.

Abokan aiki ba sai ka wahala ba. Manhajar VOSviewer ta Jami'ar Leiden tana zana taswirarsu kyauta, amma ni na fi son a ƙirga da hannu: wa ya fito sau uku ko fiye, daga wane sashe, a waɗanne shekaru. A jerin Cavalli-Sforza za ka ga Piazza da Menozzi suna ta dawowa har babban littafinsu na 1994, ga Marcus Feldman kan yaɗuwar al'adu. A rahoton, rubuta lambar kowane kashi daban, ka faɗi rumbun da ka ɗauko ta da ranar da ka duba, don ta Google Scholar kusan kullum ta fi ta Scopus, kuma wata mai zuwa za ta canza.