Ga masu ɗaukar hoton Hawan Sallah a Zariya

'Yan uwa masu zuwa Ƙofar Fada da kyamara, doki ba ya jira. Ku sa gudun shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, a 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafun dawaki za su fito dishi-dishi lokacin jafi. ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, 400 ya isa da rana, a f/8, wato faɗin ƙofar shigar haske. Gilashin kyamara (lens) mai 70-200mm, mai jawo nesa kusa, ya fi, don dogarai ba za su bari ku matso ba.

Babbar matsalar ƙura ce. Kada ku canza gilashi a fili, ƙura za ta zauna kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, kowane hoto ya fito da ɗigo-ɗigo. Ku hure ta da ɗan famfon roba, ban da goga bakin riga, yashi na karce gilashi. Filasha kuwa a kashe, tana firgita doki.