Kafin ka tura kuɗin haya Sunderland

Da na zo hutu Zariya bana, samari huɗu suka same ni a zaurenmu na Tudun Wada bayan la'asar, kowa da takardar gurbin karatu a jami'ar Sunderland cikin wayarsa. Tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, da gaske haya ta fi ta Landan araha?" Da gaske ne. Sai dai ba wanda ya tambayi dalilin arahar, alhali shi ya ci min kuɗi da lafiya a shekarata ta farko.

Sunderland garin kwal ne da ƙera jiragen ruwa, a bakin kogin Wear, arewa maso gabashin Ingila. An daina ƙera jirgi a 1988. Ramin kwal na Wearmouth, wanda hanyoyinsa suka ratsa har ƙarƙashin teku, ya bi baya a Disambar 1993. A kan filinsa aka gina filin ƙwallon Stadium of Light da aka buɗe a 1997, shi ya sa za ka ga ƙatuwar fitilar mahaƙa a bakinsa. Duk wanda ya san Kakuri bayan masaƙu sun yi shiru zai gane irin garin. Kamfanin Nissan da ya zo a 1986 ya ɗauki dubban mutane, amma bai share wa kowa hawaye ba. Dattijon da muke maƙwabtaka da shi mahaƙi ne, in aka ambaci yajin aikin mahaƙa na 1984 da Thatcher, firaministar lokacin, sai fuskarsa ta canza. Kada ku yi wasa da wannan zance. Kada kuma ku saka rigar Newcastle mai baƙi da fari, abokan hamayyarsu a ƙwallo, ku shiga gari.

Asusun banki, layin waya, rajista wurin likita, duk ba za su wuce muku 'yan makonni ba. Jirgin Metro na kai mutum Newcastle har filin jirgin sama. Aiki kuwa awa 20 ne a mako lokacin karatu, kada kwaɗayi ya sa ku ƙara ko minti.

Gida shi ne maganar. Yawancin masu arahar, a su Hendon da Millfield da Pallion, tsofaffin gidajen leburori ne jere manne da juna, wasu sun haura shekara ɗari. An gina su ne don a riƙa ƙona kwal a murhu dare da rana. Yau an toshe murhun, danshi ya samu wurin zama. Ni tun ina Samaru na ga hoton ɗaki fes, na tura kuɗin wata shida saboda ba ni da mai tsaya min a can. Na sauka a Satumba, fenti na ƙamshi, na yi hamdala. Kafin Nuwamba ta ƙare baƙar fumfuna ta fito bayan durowa, ta cinye min babbar rigar da aka ɗinka min a Sabon Gari. Tari ya kama ni har Maris. In na kunna hita, kuɗin mitar gas ya ƙare kafin Juma'a. In na kira mai gidan sai ya ce in buɗe taga, a watan da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.

Da zan tashi ya riƙe kuɗin ajiyata, wai ni na ɓata bango. Sai daga baya na san doka ta ce kuɗin ajiya ba zai wuce hayar mako biyar ba, kuma dole mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Nawa a aljihunsa ya saka. Don haka ku nemi wannan shaida, ku nemi takardar duba lafiyar gas ta shekarar. Ranar shiga ku ja durowa da gado, ku shafa bango da tafin hannu, ku ɗauki hoton kowane lungu. Harajin ƙaramar hukuma ba ya kan ɗalibi mai cikakken karatu, amma sai ka kai takarda daga jami'a, in ba haka ba wasiƙu za su yi ta zuwa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne muna da mutane. 'Yan uwanmu na can ba sa barin baƙo ya kwana a tasha, ana haɗuwa a masallacin Chester Road, ana karo-karo in wani ya shiga matsi. Amma yaro zai ɓoye tafiyarsa don tsoron baki, sai ya faɗa rami sannan ya nemi lambarmu.

Ina cikin wannan bayani ɗaya daga cikin samarin ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya riga ya tura rabin kuɗin. A take na kira wani abokina a can, na roƙe shi ya je gidan gobe da safe, ya ja durowar ya turo mana hoto.