Daga Bakin Kogin Isa Zuwa Teku: Yadda Ɗalibin Yamai Zai Shiga Binciken Kimiyyar Teku

Duk ɗalibin da ya buɗe baki a Yamai ya ce yana son karanta kimiyyar teku, tambayar da zai fara sha ita ce, ina tekun yake? Tambaya ce mai hujja, domin daga nan zuwa gaɓar Kwatano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Sai dai amsar tana zuwa mana da kanta kowace shekara. Iskar da ke juyowa daga kudu maso yamma a ƙarshen bazara, wadda manomi ke jin sanyinta ya fara gyaran gona, daga kan tekun Atlantika take ɗauko damshinta. A watannin Mayu da Yuni ruwan da ke fuskar teku a mashigin Gini, wato ɓangaren Atlantika da ke kudu da mu, yakan yi sanyi yayin da ƙasar Sahel ke tafasa, kuma wannan bambancin zafi yana cikin abubuwan da ke tura hadari arewa har ya iso mana.

Iyayenmu sun ga abin da ke faruwa idan wannan tsari ya karkace. Sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga watan Yuni na 1985 lokacin da kogin Isa, wato kogin Neja, ya kusan daina gudu a Yamai. An daɗe ana ɗora laifin duka a kan sare itatuwa da yawan kiwo, har binciken masana yanayi na Ingila a 1986, da wanda Alessandra Giannini da abokan aikinta suka wallafa a 2003, suka nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna ne babban abin da ya janye ruwan sama daga Sahel a waɗancan shekaru. Shi ya sa hasashen damina da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD ke fitarwa kafin shuka yake dogara ƙwarai da awon zafin teku. Ƙasar da hatsinta ke jiran teku tana bukatar ƴaƴanta da suka san teku, kuma hanyar shiga wannan fanni a buɗe take fiye da yadda ake zato.

Abu na farko shi ne ku daina jiran sashen da aka rubuta wa sunan teku a bakin ƙofa. Kimiyyar teku gida ce mai ƙofofi da yawa, kuma makullansu suna nan a Jami'ar Abdu Mumuni da ke Harobanda. Mai lissafi da fizik zai karanci igiyar ruwa da zafinsa da yadda yake musayar damshi da iska. Mai nazarin halittu zai bi kifi da tsirran ruwa, mai ilimin duwatsu zai karanci ƙasan teku, mai labarin ƙasa kuma zai riƙe hotunan tauraron ɗan'adam. Ku riƙe lisans ɗinku da kyau, ku ba lissafi haƙƙinsa ko da ba shi ne fanninku ba, sannan ku fara koyon Ingilishi tun shekarar farko, domin Faransanci zai kai ku Kwatano da Dakar da Abijan, amma yawancin rubuce-rubucen fannin da Ingilishi suke fitowa.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi, shi ne ku buɗe littafin awo a bakin kogi. Dabarun da ake aunawa da su a teku, akasarinsu su ne ake aunawa da su a kogi da tafki, kuma mafi sauƙinsu bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Ku sami murfin bokitin roba, ku yanke shi ya zama faifai mai faɗin santimita 20, ku raba fuskarsa gida huɗu, ku shafa baƙin fenti a biyu da farin fenti a biyu. Ku huda tsakiya ku zura igiya, ku ɗaura ɗan ƙarfe a ƙasa don ya nitse a miƙe, sannan ku yi wa igiyar alama a kowane santimita 10. Wannan shi ne faifan Secchi, wanda ya samo suna daga wani masani ɗan Italiya da ya gwada shi a tekun Bahar Rum a 1865, kuma har yau jiragen bincike suna amfani da irinsa. Ana sauke shi a hankali ta gefen inuwar jirgi har ya ɓace wa ido, a rubuta tsawon igiyar, a ɗago shi har ya sake bayyana, a rubuta, sai a ɗauki matsakaicin lambobin biyu. Ku haɗa da ma'aunin zafi, da kwalba mai murfi ta ɗibar ruwa, ku riƙa zuwa wuri ɗaya, rana ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, kusa da tsakar rana.

Wanda ya jure wa wannan shekara guda zai ga kogin ya ba shi labarinsa da kansa. A Agusta da Satumba, lokacin da rassan Sirba da Dargol da Goruwal suka kwararo da jar ƙasa daga ɓangaren Burkina Faso, ruwan yakan yi ja kamar kunun kanwa, faifan ya ɓace tun hannu bai gama sakin igiya ba. Wannan ce cikar gida, wadda a Satumban 2020 ta kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai ta cinye unguwanni. Daga baya kuma, wajen Disamba da Janairu, sai ruwan da aka yi a tsaunukan Gini ya iso bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya zo mana da duhu-duhu amma a tace. Cika biyu a kogi ɗaya, kowace da launinta da asalinta, kuma ɗalibin da ke da lambobin mako hamsin da biyu a littafinsa yana da abin da zai gina rubutun kammala karatu a kansa.

Kada ku shiga ruwa ba tare da masu ruwa ba. Ku je mashaya ku gai da sarkin ruwa ko dattijon masunta, ku faɗi sunanku da makarantarku da abin da ya kawo ku, ku nemi izini, ku kuma sa rigar ceto duk lokacin da kuka hau kwalekwale, ko da kun iya iyo, domin akwai wuraren dorina da masunta kaɗai suka sani. Idan sun yarda da ku, ku zauna wurin sauke kifi da sassafe da abin awon tsawo da ɗan sikeli, ku rubuta giwan ruwa nawa, tarwaɗa nawa, kurungu da ƙarfasa nawa, kowanne da tsawonsa da irin kayan da aka kama shi da su, ko taru ne, ko birgi, ko mamari. Na taɓa zama kusa da wani dattijo Basarke yana gyaran koma, na tambaye shi, «Baba, yaushe ruwan Gini zai iso bana?» Bai ɗaga kai ba ya ɗebi ruwa a tafin hannu, ya duba, ya ce saura kwana kaɗan, don ja ya fara sakin ruwan. Irin wannan sani ku rubuta shi da sunan wurin da ranar, ku ajiye shi kusa da lambobinku, kuma ku koma ku faɗa masu abin da kuka samu.

Abu na uku shi ne tekun da ke cikin kwamfuta. Tun wajen shekarar 2000 shirin Argo yake watsa na'urori masu yawo a tekunan duniya, yanzu sun kusan 4,000. Kowace takan nitse har zurfin mita 2,000, ta taso duk kwana goma tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam, kuma kowa yana iya sauke bayanan kyauta. Akwai kuma shirin PIRATA na Brazil da Faransa da Amurka, wanda tun 1997 ya kafa na'urori a tsakiyar Atlantika, wasunsu a mashigin Gini, wato daidai ruwan da ya shafi daminarmu. Shirin Copernicus na Turai ma yana ba da taswirar zafin teku ga duk wanda ya yi rajista. Da manhajar Ocean Data View, ko Python, ko R, waɗanda duk ba a biyan kuɗinsu, ɗalibi zai iya ɗaukar zafin mashigin Gini na watan Yuni na shekaru ashirin ya jera shi da ruwan saman Yamai na shekarun nan, ya ga inda suka tafi tare da inda suka rabu. Ku zaɓi ɗan yanki da ƴan watanni kafin ku danna saukewa, don kada kuɗin intanet ɗinku ya ƙare a kan abin da ba ku bukata.

Da littafin awo da zanen lambobi ɗaya mai kyau a hannu, sai ku ƙwanƙwasa ƙofofin da ke cikin garin nan. AGRHYMET, wadda ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel ta kafa a 1974, maƙwabciyar jami'a ce. ACMAD tana nan Yamai, haka ma hedikwatar Hukumar Raya Kogin Neja ta ƙasashe tara, wato ABN. Ku nemi wasiƙa daga malaminku, ku rubuta takardar neman zaman koyon aiki mai shafi ɗaya, ku faɗi tambaya guda da kuke son amsawa. Ma'aikaci mai aiki da yawa ya fi saurin karɓar wanda ya ce yana son kwatanta lakar Agusta da ta Janairu, a kan wanda ya ce yana sha'awar muhalli kawai.

Ɗaliban Tawa kuwa suna da wata gata ta daban, domin a kan tsohon ƙasan teku suke tafiya. Shekaru miliyan sittin zuwa saba'in da suka wuce wani hannun teku ya ratsa Sahara ya rufe Adar. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi a Malbaza a cikin wannan ruwa ya kwanta, kuma har an raɗa wa wani ƙaton dabbar teku mai rarrafe suna Igdamanosaurus saboda tsaunin Igdaman inda aka tono ƙasusuwansa. Ga kuma tafkin Tabalak ga mai son aikin kifi da tsuntsayen ruwa.

Sai batun fita zuwa gaɓa. A Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin akwai mastar kimiyyar motsin teku da aka buɗe a 2008 ƙarƙashin cibiyar lissafi da fizik ta CIPMA tare da Jami'ar Toulouse, da Faransanci ake yin ta, kuma masu lissafi da fizik take nema. Shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa kuma Nijar ke cikinsa, yana da mastar sauyin yanayi da kimiyyar teku a birnin Mindelo na tsibiran Cabo Verde, da Ingilishi, inda ɗalibai kan hau jirgin bincike su yi awo da hannunsu. Kwasa-kwasan OceanTeacher na UNESCO da yawansu ta intanet ake yi. Hukumar kula da ƙasan tekun duniya da ke Kingston a Jamaika ita ma takan buɗe guraben horo ga ƴan ƙasashe masu tasowa, kuma yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta amince da haƙƙin ƙasashen da ba su da gaɓa. Ku shirya fasfo da takardun sakamako da fassararsu tun kafin a yi kira. Ni kaina na taɓa rasa gurbi saboda takardar sakamakona ta kwana uku a wani ofis tana jiran sa hannu, har wa'adi ya cika, kuma har yau abin yana yi mani ciwo. Duk wanda ya ce ku biya shi don ya samo maku bursi, ku rabu da shi, ku koma shafin hukumar da kanta.

Abin da kuka koya kuma bashi ne a kanku ga mutanen da ba su shiga jami'a ba, kuma biyansa yana ƙara wa takardunku daraja. Ranar 2 ga Fabrairu ta fadamu ce, 22 ga Maris ta ruwa, 8 ga Yuni ta tekuna, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2021 zuwa 2030 don kimiyyar teku. Ku nemi izinin daraktan wata makarantar firamare ko ta sakandare, ku je da lita guda ta ruwa da gishiri giram 35, kimanin cokali biyu manya, ku dama a gaban yara ku ce su taɓa da harshe, domin haka ruwan teku yake. Ku ƙara gishiri sosai a wani kofi ku saka ƙwai su ga ya taso, ku saka shi a ruwan famfo su ga ya nitse. Ku rina ruwan gishiri mai sanyi da zoɓo, ku zuba shi a hankali ta gefen kwalbar da ke da ruwan ɗumi, su ga jan ya gangara ya kwanta a ƙasa, sannan ku gaya masu cewa haka ruwa mai nauyi ke nitsewa a teku yana tura wani. Ku yi bayanin da Hausa da Zabarmanci, kuma idan kalma ta ƙi samuwa ku tambayi masunta kafin ku ƙirƙira, don sau da yawa suna da ita. Idan gidan rediyon unguwa ya ba ku minti goma, ku nemi a sa ku a makon da aka fitar da hasashen damina, lokacin da kowane mai gona ya kasa kunne, ku kuma tafi da takardar hasashen a hannu don ku karanta abin da ta ce game da yankinku.