Lambun coci: a fara da hanya kafin furanni

Duk lokacin da wata ikilisiya ta ware fili a bayan majami'a don lambun shaƙatawa na jama'a, akan kira ni in je in duba, saboda na daɗe a kwamitin lambun cocinmu. Kusan abu ɗaya nake tararwa: an sayo furanni, an zaɓi wurin ɗaukar hoton biki, hanya kuwa an bar ta sai da ragowar kuɗi. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne zuba tsakuwa ko yashi a kan hanya. Mu ma mun yi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tipa biyu muka sayo da baiko na musamman, matasa suka yini suna bajewa, ta yi fes a ido. Ranar buɗewa bayan sujada, jikan wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ya turo ta a keke, domin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da ita. Ko taku goma bai yi ba, ƙananan tayoyin gaba suka nutse. Ya tura, ya ja, keken ya kafe. Sai da maza huɗu suka ɗaga ta cak a gaban kowa. A hankali ta roƙa a mai da ita bakin ƙofa, wai daga can ma tana gani. Matar da ta yi shekaru tana share majami'ar nan tun ba a haife ni ba! Ba ta sake shiga ba sai da muka kwashe tsakuwar kaf, kuɗi ya tafi sau biyu.

Ni yanzu kankare nake yarda da shi, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye don kada ya yi santsi. In aljihu bai kai ba, a zuba burji a jiƙa a danne shi da inji sosai. Tayil kuwa kada ma a kawo maganarsa, ruwa ɗaya zai kayar da dattijo. Faɗin hanya kada ya gaza mita 1.5, in ana so keke biyu su gitta juna sai 1.8. A tuna da keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin na waɗanda shan inna ta taɓa: dogo ne, kwana mai tsini ba ta juyuwa da shi.

Na biyu, gangare. A nan ne nake faɗa da magina. Sai ka ga an yi maka irin tudun da ake tura babur cikin zaure, a ce an gama wa masu keke. Haba jama'a! Wa zai hau wannan da ƙarfin hannunsa, kuma wa zai sauko bai kife ba? Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk hawan mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12. Dakali mai santimita 30 ke nan sai gangare na mita 3.6, da ƙarfen dafawa a gefe. Kuma kada shugabanni su ɗauka alfarma suke yi. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ko babu doka ma, gidan Ubangiji ne ya kamata ya riga kowa.

Al'adata kafin a biya magini cikon kuɗinsa: in aro keke, shugaban kwamiti ya zauna ya tuƙa kansa daga ƙofa zuwa ƙarshe ya dawo. Inda ya tsaya, nan za a fasa a sake. Wasu na ganin na cika tsanani, amma ban taɓa yin gwajin nan ba a rasa wurin gyara ba.

Kada a shimfiɗa hanya kafin a ga yadda ruwan Agusta ke bi a filin. A ɗan karkata ta kaɗan zuwa magudana. Dogon yaro da mangwaro su yi nisan mita 3 da ita aƙalla, in ba haka ba saiwa za ta ɗaga kankaren, ruɓaɓɓen mangwaro kuma ya zama tarko. Dashe sai damina ta kankama, kowane tsiro da kejinsa saboda awaki. Bini-da-zugu ba na shinge ba ne inda yara ke wasa, 'ya'yansa guba ne. Lalle ya fi. A yi ɗan dakali siriri a gefen hanya wanda sandar makaho za ta riƙa taɓawa. Benci ya zama da majingina da madafin hannu, a inuwa, ni kowane mita 50 nake sawa. Ƙofar bayan gida ma a auna ta da keke.

Sai kwaɗo. An ce lambun jama'a, amma daga Litinin zuwa Asabar a garƙame, makulli yana aljihun mutum ɗaya. Mu mun raba kwana tsakanin matasa, ana buɗewa da safe da kuma bayan la'asar. Waɗanda suka fi zuwa yanzu tsofaffin unguwa ne da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini, Kirista da Musulmi, sai masu jego da ke neman inuwa.