Ƙauri a akwatin kwamfuta: kurakuran da ke ƙona waya

Kwamfutar tebur na fara ƙauri sai mutanenmu na Jidda da Makka su ɗora wa zafin Saudiyya laifi. Zafi na da nasa rabon, amma waya ta fi narkewa a inda aka yi mata haɗin ganganci.

Babban mai laifi shi ne ɗan adaftan nan mai arha da ke mayar da Molex (tsohon filogin wuta mai fil 4) zuwa SATA (filogin wutar hadis), irin wanda ake tsinta a tarkacen Harajin Sawarik, kasuwar gwanjo ta Jidda. Wanda aka zuba wa roba ta rufe kansa gaba ɗaya ya fi haɗari, domin wayoyin ciki na iya matsowa su taɓa juna ba wanda ya gani. Ka duba bakinsa: in robar ta yi ruwan ƙasa ko ta kumbura, a shara ya dace. Kada kuma a ciyar da katin hoto (katin da ke fitar da hoto a sikirin) da adaftan da ke jan wuta daga layin SATA. Layin SATA na bolt 12 bai wuce wat 54 ba, alhali filogi mai fil 8 na katin hoto yana jan har wat 150.

Filogin da bai zauna daram ba ma yana yin zafi. Haka ta faru a 2022 da katin RTX 4090, inda aka yi ta samun filogi ya narke saboda ba a tura shi ya ƙure ba. Tura shi sai ka ji ƙas.

Sai ƙananan ƙafafun tagulla da madabod, babban allon cikin kwamfuta, ke zama a kansu. Guda ɗaya ta yi rara inda babu rami, ko sukuru ya faɗa baya, shi ke nan wuta ta haɗe. Ka ƙirga ramuka, ka ƙirga ƙafafu.

Masu tsohuwar fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ku leƙa bayanta. Jan makunnin bolt 115/230 in yana kan 115 aka soka a soket na 220, fashewa za ta yi nan take, ga shi wasu tsofaffin gidaje har yanzu da layi biyu, 127 da 220. Wayoyin fawa saflai masu cirewa kuwa ba a aron na wani kamfani, ko da bakin ya shiga.

Ƙura da laimar Jidda in suka haɗu a kan madabod su ma suna iya haɗe wuta. A hure da iska, ban da tsumma mai ruwa. In ka ji ƙauri, zare filogi daga bango tukuna. Ita kanta fawa saflai kada ka buɗe cikinta, tana riƙe wuta ko bayan an kashe.