Kurakuran da aka fi yi a ziyarar yini ɗaya zuwa Tarkwa Bay

'Yan'uwanmu da ke zuwa Legas fatauci ko karatu sukan so su ga teku a wurin da babu hayaniya, shi ya sa ake yawan nuna musu Tarkwa Bay. Mota ba ta zuwa can. Sai an hau jirgin ruwa daga tashar CMS da ke tsibirin Legas ko Victoria Island, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Keɓewar nan ce daɗin wurin, ita ce kuma ke sa ƙaramin sakaci ya zama babba.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutum ya ce ai ya iya iyo, tunda a kogin Kaduna ko dam ɗin Tiga ya koya. Kogi gefe ɗaya yake ja, kana ganin inda ya nufa. Teku kuwa yana turo ruwa bakin gaɓa, ruwan ya taru, sannan ya nemi wata siririyar hanya ya koma ciki da ƙarfin da ko gwanin ninƙaya ba ya iya ja da shi. Abin tsoron shi ne wannan hanya ita ce ta fi kama da wurin lafiya: igiyar ruwa na fashewa dama da hagu, tsakiya kuma shiru, ruwan ya ɗan yi duhu, kumfa da tarkace na tafiya ciki. Baƙo nan yake zaɓa. Kada ka shiga nan. In kuma ta riga ta ɗauke ka, kada ka dage sai ka koma gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka kwanta rigingine kan ruwa, ka ɗaga hannu kana kira, ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓar, har ka fita daga jan, domin yawanci ba shi da faɗi.

A nan ma akwai bambancin da mutane ba su lura da shi. Ruwan Tarkwa Bay yana da ɗan sauƙi saboda katangar duwatsu da aka gina a farkon ƙarni na 20 don kare mashigar tashar jiragen ruwa. Amma da ka taka zuwa Lighthouse Beach, inda tsohuwar hasumiyar haska wa jirage take, kana fuskantar tekun Atlantika ne ba shamaki. Can a je a kalla, a ɗauki hoto, ruwa ya tsaya iya idon sawu.

Sai batun sutura. Kunya ta sa wasu shiga ruwa da kaftani ko doguwar riga da babban hijabi. Suturar nan in ta sha ruwa nauyi take yi, ta nannaɗe ƙafa. Ba sai an tsiraita ba: dogon wando marar nauyi da riga mai kama jiki kaɗan sun wadatar, a ajiye busassun kaya na canji. Yara kuma kada a ce "ga su can muna ganinsu". A riƙe hannunsu.

Mutane da yawa suna shirya tafiya su manta da dawowa. Ka karɓi lambar matuƙin, ku yanke lokacin da zai zo, kuma kada ka biya kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya tun da safe. Rana na faɗuwa a Legas kafin ƙarfe 7 ko daidai nan, hukumomi kuma sun hana irin waɗannan jirage tafiyar dare, don haka ka sa niyyar tashi bayan la'asar. Rigar kariya dole ce bisa dokar LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta jihar. A ɗaure ta tamau, ba a rataya ta a kafaɗa ba. Jirgin da aka cika fiye da kima, haƙura ka jira na gaba.

Riƙe tsabar kuɗi, domin sabis na iya ƙin tura kuɗi ta waya. Ɗauki ruwan sha fiye da yadda kake zato, iskar teku na ɓoye ƙishirwa. Alwala kam ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne, kada ka ƙarar da na sha a buta. Shimfiɗa tabarma can sama inda yashi ya bushe sarai, saboda teku na cikowa ya janye kusan sau biyu cikin awa 24, wayoyi da takalma da dama sun tafi a haka.

In da hali a guji tsakiyar damina, musamman Yuni zuwa Satumba, lokacin da teku ya fi fushi. Nuwamba zuwa Maris ya fi. Ledojin ruwa da robobin da ka zo da su, ka tattara ka koma da su gari, motar shara ba ta isa can.