Kurakuran da aka fi yi wajen harhaɗa shiri a kan IBM i

Duk wanda ya yi aiki da IBM i, na'urar da tsofaffin ma'aikata har yau suke kira AS/400 saboda sunan da ta fito da shi a 1988, ya san saƙon kuskure na CPF4131. Shirin da aka rubuta da harshen kwamfuta na RPG, wanda ya shekara goma yana aiki lafiya sai ya tsaya cak da safe, domin jiya da yamma wani ya ƙara gurbi ɗaya a cikin fayil. Abin da ke faruwa shi ne, a lokacin harhaɗawa, wato mayar da rubutun shiri zuwa abin da na'ura za ta iya gudanarwa, shirin yana kwafe fasalin fayil ɗin tare da wata lambar shaida mai haruffa 13, kuma duk sanda ya zo buɗe fayil ɗin, na'urar takan gwada lambar da ke hannunsa da wadda ke jikin fayil. Idan suka saɓa, sai ta hana shi shiga, ta ba da wannan saƙon.

Kuskure mafi muni shi ne a sa LVLCHK(*NO), wanda ke hana na'urar gwada lambar, domin saƙon ya yi shiru. A ganina wannan rufe ciwo ne da tsumma. Idan gurbin da aka ƙara yana tsakiyar rikodi, ko an tsawaita wani gurbi, shirin zai ci gaba da karanta bayanai daga inda ya saba, alhali sun gusa. Mai sa'a zai ga MCH1202, wato ɓarnar lambobi, ya gane da wuri; marar sa'a kuwa zai tarar da kuɗin wani a gurbin kwanan wata bayan an rufe lissafin wata. Gyaran gaskiya shi ne a zuba sakamakon DSPPGMREF, umarnin da ke nuna fayilolin da kowane shiri ke amfani da su, a fayil, a tace dukan shirye-shiryen da ke amfani da fayil ɗin da aka taɓa, a sake harhaɗa su, sannan a tabbatar da lambar ta hanyar umarnin DSPFD TYPE(*RCDFMT), wanda ke nuna lambar da ke jikin fayil.

Na biyu shi ne rashin bin tsari. Fayil ɗin da ake ɗauko ma'anar gurabe daga cikinsa shi ne farko, sai fayilolin PF masu riƙe bayanai, sai fayilolin LF masu nuna bayanan PF, waɗanda ke dogara da su, sai fayilolin allo da na bugawa, shirye-shirye kuma su zo ƙarshe. Mutane da dama sukan share PF su sake ƙirƙirarsa, su rasa bayanan ciki, alhali umarnin CHGPF tare da zaɓin SRCFILE yana sauya fasalin ya bar bayanan a wurinsu. Kafin a taɓa komai, DSPDBR zai nuna waɗanda ke rataye a jikin fayil ɗin.

Jerin laburare kuma, wato jerin ma'ajiyoyin da na'urar ke bi ɗaya bayan ɗaya tana neman fayil, yana yaudara a ɓoye. Idan shirin da ke yin harhaɗawar bai sami fayil ba, zai ba da saƙon RNF2120, kuma wannan da sauƙi. Wahalar ita ce ya sami tsohon kwafi mai suna ɗaya a laburaren gwaji da ke sama a jerin, ya harhaɗa ba tare da ƙorafi ba, sai shirin ya faɗi ranar da aka kai shi wurin aiki. A duba jerin da umarnin DSPLIBL kafin a fara, ko a ambaci fayil ɗin da laburarensa a cikin shirin da kalmar EXTDESC.

Akwai kuma guntayen /COPY, wato guntayen rubutun shiri da ake kwafowa cikin wasu shirye-shirye, waɗanda DSPPGMREF ba ya nuna su sam, don haka wanda ya gyara ɗaya sai ya bi fayilolin tushe da umarnin bincike na FNDSTRPDM ya nemo duk shirin da ya kira shi.